Na tare ƙorama a gonata, wa yake duba lafiyar irin wannan dam ɗin?

"Salam injiniya. Ina da gidan gona a wajen Rano, shekara huɗu da suka wuce na ɗauko katafila aka tare min wata ƙorama da ƙasa, ruwa ya taru ya kai faɗin filin ƙwallo huɗu, jingar kuma za ta kai tsayin mutum uku. Na zuba tarwaɗa da karfasa, na shuka darbejiya da mangwaro a kan jingar saboda inuwa, duk ƙarshen mako mukan je da iyali da abokai mu huta yara su yi wanka. Yanzu ina so in sayi kwalekwale in buɗe wa jama'a wajen da sallah ana biyan kuɗin shiga. Matsalar ita ce mai unguwar ƙauyen da ke gangarenmu, bai kai kilomita ɗaya ba, ya zo sau biyu yana cewa ba sa iya barci in ana ruwan dare, har ya ce zai kai maganar gaban hakimi. Kuma gaskiya akwai wani waje a bayan jingar da kullum yake jiƙe ko da rani. Inda ruwa yake fita kwalbati biyu ne, bara na sa buhunan ƙasa da waya a bakinsu saboda kifi yana guduwa. Shin akwai dokar da na taka? Wace hukuma ce take duba irin wannan dam ɗin? Kuma da gaske akwai hatsari ko dai tsoro ne kawai irin na mutanen ƙauye?"

Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya sa wa gona albarka. Abu uku ka tambaya, doka da hukuma da hatsari, amma ni ta ƙarshen zan fara ɗauka dan tsakani da Allah ita ce ta hana ni wuce saƙon nan. Kafin ma mu yi nisa, buhunan nan da wayar da ka sa a bakin kwalbati, in har yanzu suna nan, dan Allah ka ajiye karatun nan ka kira mai gadinka ya kwashe su yau ɗin nan, sannan ka dawo mu ci gaba. Ba tsoron ƙauye ba ne, mai unguwa ya fi ka gaskiya a wannan maganar.

Bari in fara nuna maka yawan abin da ka tara, dan na lura yawancin masu irin wannan dam ɗin faɗin ruwan kawai suke gani. Filin ƙwallo huɗu ya kusa hekta 3. Jinga mai tsayin mita 5, a bakinta ruwan yana da zurfi, can wajen wutsiya kuma iya gwiwa ne, to mu ce tsaka-tsakin zurfin mita 1 da rabi. Hakan ya ba mu kubik mita 45,000. Kubik ɗaya lita 1,000 ne, wato durom biyar ko jarkar 'yan garuwa 40, nauyinsa kuma tan ɗaya cif. Kenan tan 45,000 na ruwa ne a saman kan mutanen ƙauyen nan, in a tankar mai ce mai cin lita 33,000 sai ka jera sama da 1,300, kuma abin da yake riƙe da shi duka tarin ƙasa ne da direban katafila ya tura. A Ingila dokarsu ta 1975 ta ce duk wanda ya tare ruwan da ya haura kubik 25,000 sama da doron ƙasa dole ya yi rajista kuma injiniya na musamman ya dinga duba masa. Kai ka kusa ninka wannan. A lissafin duniya dai naka ƙarami ne, dan babban dam shi ne mai tsayin mita 15 zuwa sama, amma ni a wajen aiki ba tsayi nake fara tambaya ba, tambayata ta farko ita ce su wa suke kwana a ƙarƙashinsa.

Da na karanta maganar wayar kifi sai da gabana ya faɗi, saboda kusan abin da ya faru kenan a Amurka a 1889. Wasu manyan attajirai ne, cikinsu har da Andrew Carnegie, suka yi ƙungiyar kamun kifi da farauta suka mallaki wani tsohon dam na ƙasa a jihar Pensilbaniya suna zuwa hutawa, kamar dai yadda kuke yi. Aka rage tsayin jingar dan hanyar da ke kanta ta yi faɗi kekunan doki su wuce, aka sa raga a mafitar ruwa kada kifi ya gudu, bututun da ake rage ruwa da su kuma dama an riga an cire tun kafin su. Ranar 31 ga Mayu bayan mamakon ruwa, shara ta toshe ragar, ruwa ya haura kan jinga ya yanke ta, ya sauka kan garin Johnstown mai nisan sama da kilomita 20, mutum 2,209 suka mutu. A Kenya ma a watan Mayun 2018 dam ɗin wata gona mai zaman kanta ya ɓalle da daddare a Solai ya kashe sama da mutum 40. Mu kuma nan gida ba sai an ba mu labari ba, dattawa suna tuna ɓallewar Bagauda a Agustan 1988, wajen da shi ma a lokacin na shaƙatawa ne har da otal a bakin ruwan, ga kuma Alau da ta shafe Maiduguri a Satumban 2024. Waɗannan biyun na gida fa injiniyoyi ne suka zana su aka kuma gina da kuɗin gwamnati.

Ta inda dam ɗin ƙasa yake mutuwa

Hanya ta farko ita ce ruwa ya haura ta kansa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ɓallewar dam a lissafin da ake yi ta nan yake zuwa. Kankare zai iya jure ruwa ya bi ta kansa, ƙasa ba za ta iya ba. Da zarar ruwa ya fara zuba ta baya ko da kaurin tafin hannu ne, sai ya fara cin bayan jingar kamar yadda yake yin kwazazzabo a gona, ramin yana ja da baya yana ja da baya har ya iso gaba, daga nan kuma shikenan, abin da ya rage bai fi minti talatin ko awa ɗaya ba a ƙaramin dam.

Mu yi lissafi da ƙoramarka. Ban san faɗin ƙasar da take kwaso wa ruwa ba sai an auna, amma mu ɗauka hekta 200 ce, wanda ba wani abu ba ne a yankin Rano mai duwatsu da gangare. Ruwan sama milimita ɗaya a kan hekta ɗaya kubik 10 ne. In aka yi ruwan milimita 80 a dare ɗaya, irin wanda kowa ya san ana yi cikin marka, kubik 160,000 ne ya sauka. A Agusta ƙasa ta riga ta ƙoshi, ko kashi 40 cikin 100 ne kawai ya gangaro ka samu 64,000, ya fi duk abin da dam ɗinka yake ci, alhali kuma a lokacin dam ɗin a cike yake taf. In ruwan ya zo cikin awa uku, kusan kubik 6 kenan a duk daƙiƙa. Kwalbatinka in irin ringin santimita 90 ne da aka saba, kowanne da ƙyar ya ɗauke kubik ɗaya da 'yan kai, shi ma in babu komai a bakinsa. To ka ga ko ba ka sa buhu ba sun yi kaɗan, balle an rage musu baki an kuma sa waya da za ta tare kara da ganye da leda da duk tarkacen da ruwan farko yake kwasowa. Shekara huɗun da ka yi lafiya ba shaida ba ce, ruwan da zai gwada ka ne bai zo ba tukuna.

Abin da ake yi shi ne a yanka mafita mai faɗi a buɗe, a gefe, cikin ƙasar Allah wadda ba a taɓa ba, ba a kan ƙasar da aka tura ba. Mafita mai faɗin mita 10 in ruwa ya hau rabin mita a cikinta tana wuce da wajen kubik 6 ɗin nan, kuma da yake ruwa ba a daidai yake zuwa ba, akwai lokacin da yake tunkuɗowa gaba ɗaya, injiniyan da zai zana maka zai ƙara a kan haka. A shimfiɗa mata dutse ko a bar ciyawar kiri-kiri ta kama ta sosai, sannan a kai bakinta nesa yadda ruwan ba zai dawo yana cin gindin jinga ba. Maganar kifi kuwa tana da sauƙi, ragar ba a maƙogwaron mafita ake sa ta ba, can cikin ruwa ake kafa ta a zagaye kamar baka, mai tsawo, kuma gajeriya yadda in babban ruwa ya zo zai haura ta kanta. Eh za ka yi asarar wasu kifayen a irin wannan daren, yara su tsinta a gangare su yi miya.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi, jinga tana zama. Kuma ta fi zama a tsakiya inda ta fi tsayi, daidai kan tsohuwar hanyar ƙoramar, wato inda ruwa ya fi zurfi nan ne kanta ya fi ƙasa. Ba sai ka jira safiyo ba, ka samu magini da tiyon lebur ɗinsa, irin siririn nan da suke cika wa ruwa, ku kafa turaku duk taku goma a kan jingar ku bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka sha mamaki. Daga bakin mafita zuwa waje mafi ƙasa a kan jinga ni ba na yarda da abin da ya gaza mita 1 da rabi a dam irin naka.

Wajen nan da yake jiƙe

Nan ne na fi so ka nutsu. Duk dam ɗin ƙasa yana tsattsafo, har Tiga, ba a gina shi dan ya hana ɗigo fita ba, ana gina shi ne yadda ruwan zai fita a hankali ba tare da ya ɗauki ƙasa ba. Saboda haka jiƙewa kaɗai ba ta isa a ce an shiga uku ba. Abin dubawa shi ne ruwan garau yake ko da laka, yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake, sannan a ina yake fitowa, a gindi ne can ƙasa ko ya hau jikin jingar.

Ga gwajin da nake sa masu gadi su yi. Ka share ciyawar wajen, ka yi 'yar hanya ruwan ya taru waje ɗaya, ka sa guntun fayif ya dinga zuba. Ka tara farar gorar ruwa ka cika ta, ka ajiye a inuwa ta kwana. Da safe ka ɗaga ta a rana ka dubi gindinta. In babu komai, alhamdulillahi. In ka ga laka ko rairayi mai laushi ya kwanta ko da kaurin farce ne, to wannan ƙasar daga cikin jingarka ta fito, ruwa yana haƙa rami daga baya yana nufar gaba. Sannan ka tara bokitin fenti ka duba agogon wayarka minti nawa yake cika, ka rubuta a littafi tare da kwanan wata da inda ruwan dam yake a ranar, duk sati. In yau minti biyar ne, wani satin huɗu, na gaba biyu, alhali ruwan dam bai ƙaru ba, kar ka jira kowa, fara rage ruwa.

Na taɓa zuwa wani dam na wani bawan Allah a Jigawa cikin Agusta, mai gadinsa ne ya matsa a kira ni dan shi mai wajen cewa yake ai tun da aka gina haka yake yoyo. Na isa bayan la'asar, muka zagaya baya ta cikin kachalla har gwiwa, sai ga wani rami bai fi bakin kofi ba ruwa yana ɓulɓulowa kalar kunun kanwa, ya tara rairayi a gefensa kamar gidan tururuwa. Na tura sandar da ke hannuna ta shige har iya inda na riƙe ban taɓa komai ba. Kafin in zo yaran gona sun yi ta cusa taɓo suna dannawa da ƙafa, duk inda suka toshe sai ya fashe a gefe. Daren nan ba mu yi barci ba, injin ban ruwa huɗu muka aro daga 'yan fadama, muka ɗora tiyo uku ta kan jinga suna zuƙo ruwa da kansu, ramin kuma muka rufe shi da yashi mai kyau, tsakuwa a kai, manyan duwatsu a sama. Da rani da aka buɗe wajen sai ga tsohon kututturen bishiya da katafila ta binne ya ruɓe, gara ta yi gida a ciki, ramin da mutum zai iya kwanciya. Mai wajen ya yi asarar kifi ba kaɗan ba kuma ya daɗe yana jin haushina.

Abin lura a labarin nan, ba a toshe bakin tsattsafo da taɓo ko siminti. In ka toshe, ruwan yana nan da ƙarfinsa, wata hanyar zai nema. Yashi da tsakuwa ake sa wa, su bar ruwa ya wuce su riƙe ƙasa. Rage ruwan ma in ba ido ya raina fata ba a hankali ake yi, kamar taƙi ɗaya a rana, dan in ka janye shi da sauri fuskar jingar ta gaba da ta sha ruwa tana iya zamewa ta rufta ciki.

Dalilin da ya sa dam ɗin katafila ya fi yin wannan ciwon a bayyane yake. Ka'ida ita ce a kankare ƙasar sama da saiwoyi duka, a haƙa rami a tsawon gindin jingar har a tarar da ƙasa mai tauri, a cika shi da yumɓu, sannan a dinga zuba ƙasa kaurin santimita 15 zuwa 20 ana yayyafa ruwa rola tana dannewa, hawa bayan hawa. Shi kuwa direba da ake biya da awa ga tsadar gas, turawa kawai yake ya tara ya hau kai sau biyu ya ce an gama. In ƙasar jigawa ce mai rairayi ruwa ya dinga bi ta ciki kenan, in baƙar laka ce zalla ta fadama da rani ta dare har ka sa hannu, ruwan farko ya bi tsagar. Gangaren ma akwai ƙa'ida, ta gaba duk hawan mita 1 a ba shi shimfiɗar mita 3, ta baya 2 da rabi, saman kuma ya kai faɗin mita 3. In jingarka a tsaye take kamar kunyar dankali, akwai gyara.

Bishiyoyin nan kuma, ka yi haƙuri Alhaji, ba wajensu ba ne. Saiwar darbejiya ruwa take bi, za ta ratsa jingar, ranar da bishiyar ta mutu saiwar ta ruɓe ta bar fayif a ciki, ranar da iska ta tumɓuke ta kuma ta tafi da rabin saman jingar. Ƙananan a sare yanzu. Waɗanda suka kai kaurin cinya kar a sare a bar kututture, a bari sai rani an rage ruwa a tone su da saiwa a mayar da ƙasa ana dannawa. Inuwa a yi ta a gefen ruwa can nesa da jinga. Abin da ake so a jikinta ciyawa ce gajeriya mai riƙe ƙasa irin kiri-kiri, a dinga yanke ta dan ido ya ga komai, suri ko ramin gafiya ko tsaga. Shanu ma a yi musu mashaya a wani gefen, dan in suka mayar da jinga burtali kofatonsu zai yi hanya, ruwan sama ya mayar da hanyar kwari.

Doka da hukuma

Ni ba lauya ba ne, abin da aiki ya sa na sani zan faɗa maka. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta sa duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. Ta bar wa mutum ya ɗebi na sha da na dabbobi da na ban ruwan gonarsa ba tare da izini ba, amma tarewa da adanawa da yin kasuwanci da shi, wannan da lasisi ake yi. Kada ka ce ai 'yar ƙorama ce, ruwan yankinku kogin Kano yake faɗawa, ya haɗu da Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa Jigawa ya shiga Yobe. Hukumar da take ba da lasisin amfani da ruwa ita ce NIWRMC, sannan akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, wadda Tiga da Challawa suke hannunta. NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ita ma tana da ƙa'idoji na musamman kan dam da matattarar ruwa da aka fitar a 2014. Dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta wajabta cikakken bincike ne a kan dam ɗin da faɗin ruwansa ya kai hekta 200, kai ba ka kusa nan ba. A jiha kuma akwai ma'aikatar albarkatun ruwa, ga WRECA, hukumar ayyukan ruwa da gine-gine ta jiha, da ta gina da yawa daga dam-dam ɗin ƙasa na tsohuwar jihar Kano tun daga zamanin Audu Bako, akwai mutanen da suka san aikin nan a hannu ba a takarda ba.

Wannan a rubuce kenan. A aikace kuwa, a shekarun da na yi ina wannan aikin ban taɓa zuwa ƙaramin dam na wani mutum na tarar da takardar da ta nuna ana zuwa duba shi duk shekara ba. Yawancinsu ma babu wanda ya san da su sai maƙwabta. Saboda haka amsar tambayarka ta wa yake dubawa, in ba ka kai kanka ba babu kowa, kai ne mai dam kai ne mai duba shi. Kuma rashin mai dubawa bai sauke maka nauyi ba ko kaɗan. Akwai tsohuwar shari'ar Ingila ta 1868, Rylands da Fletcher, ita ma a kan ruwan da wani ya tara ne ya fashe ya cika ramin haƙar kwal na maƙwabcinsa, aka yanke cewa wanda ya tara abu mai hatsari a filinsa in ya kuɓuce ya yi ɓarna shi zai biya ko da bai yi sakaci ba, kuma kotunan Najeriya suna aiki da wannan ƙa'idar. Ta ɓangaren addini ma ka tambayi malamai mas'alar katangar da ta karkata, wadda aka yi wa mai ita gargaɗi a gaban shaidu ya samu lokacin gyarawa bai gyara ba har ta faɗa wa wani, za su gaya maka lamuni yana kansa. Kai kuma mai unguwa ya zo maka har sau biyu.

Shawarata kar ka bari ya riga ka zuwa wajen hakimi. Ka je da kanka ka same shi, ku tafi tare da dagaci ku zagaya jingar, ka nuna musu ka cire buhunan, ka gaya musu abin da za ka gyara da lokacin da za ka gyara. Sannan ka rubuta takarda zuwa ma'aikatar ruwa ta jiha da ofishin hukumar kogunan kana neman a zo a duba a kuma nuna maka hanyar lasisi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ka ɗauki injiniya mai rajistar COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista, wanda ya taɓa aikin dam na ƙasa, dan wanda ya ƙware a gina bene daban ne, ya auna maka faɗin ƙasar da take zubo ruwa, ya zana mafita, ya haƙa ramukan gwaji a jingar. Kuɗinsa ba zai kai na kwalekwale da injinsa ba.

Kwalekwale da wankan yara

Sallar bana dai ka haƙura. Ba na ce har abada ba, amma ba a tara jama'a a kan jingar da ba a san cikinta ba. Kuma ko dam bai taɓa ɓallewa ba yana cin rai ta wata hanyar, a ƙasar nan yaran da suke nutsewa a kududdufi da ramin burji duk damina sun isa misali. Bakin jinga shi ne waje mafi muni, ga santsi ga zurfi farat ɗaya, yaro yana taku biyu a iya ƙugu na uku babu ƙasa. In za a yi wanka a ware waje can wajen wutsiya, a zuba yashi, a kewaye da igiya da jarkoki iya ƙugun yaro, a ɗauko masunta biyu da suka iya ruwa aikinsu kawai su zuba ido, ba mai gadi da yake karɓar kuɗin ƙofa ba. A kwashe duk wata tsohuwar raga da ƙugiya daga wajen. Kwalekwale kuma kowa da rigar ruwa, a rubuta adadin mutanen da yake ɗauka a jikinsa, kuma ana kiran magariba a ɗaure shi. Ba mu manta da Bagwai ba a ƙarshen Nuwamban 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi, sama da rai 20 suka tafi, kuma lodi ne ya yi yawa.

Sai tsargiya. Ruwan da yake kwance da ciyawa a bakinsa gidan katantanwar da take ɗauke da ita ne, kuma yankin ban ruwa na Kano an san shi da wannan ciwon. In wani cikin yaranka ya fara fitsarin jini a ƙarshen fitsari a kai shi asibiti, akwai magani, kar a biye wa masu cewa alamar balaga ce.

Kafin ruwa ya kankama

In ni ne kai, abin da zan yi kafin Yuli ga shi. Buhu da waya sun tafi. Zan rage ruwan ya sauka kamar mita ɗaya ƙasa da bakin kwalbati in kuma riƙe shi a nan da tiyo duk daminar bana, dan wannan ragin ne zai shanye wani kaso na ruwan dare ɗaya kafin a yi mafita ta gaskiya. In katafila za ta samu, ko mafitar wucin gadi ce a yanka a gefe. Zan kafa ƙarfe a cikin ruwa inda ake hango shi da tocila, in shafa masa jan fenti a daidai rabin mita kafin saman jinga, in gaya wa mai gadi duk daren da ruwa ya taɓa ja, ko ya ga tsattsafon nan ya koma kalar ƙasa, ko ya ga ruwa yana juyawa kamar ana zuƙe shi a gaban jinga, ba ni zai fara kira ba, mai unguwa da ladanin ƙauyen zai kira a faɗa a lasifika. Ƙasa da kilomita ɗaya mintoci kaɗan ne a wajen ruwa, babu lokacin da za a ce bari a kira Alhaji a Kano ya yanke shawara. Mutanen ƙauyen su san tudun da za su nufa tun da rana, kuma ka sa wa mai gadin kati da caji da tocila mai kyau, ya kwana a gefe a kan tudu, ba a gindin jinga ba inda na sha ganin ana yi musu ɗaki.

Duk abin da na faɗa a kan bayaninka na gina shi, ban taka wajen ba, kuma babu injiniyan kirki da zai ce maka dam lafiya yake ko ba lafiya ba daga waya. Ka yi gwajin gorar nan gobe, ka ɗauko min hotonta bayan ta kwana, da hoton wajen da yake jiƙe wani ya tsaya a kai dan in ga tsayinsa a jikin jingar, da na bakin kwalbatin ta gaba da ta baya, da abin da tiyon lebur ya nuna muku a tsakiya. In gorar ta nuna laka kar ka tsaya turo hoto, ka kunna injinan rage ruwa tukuna.